Baburan Laka

Jiya na hangi ƙaramin ɗana yana kwaɓa laka a bakin rijiya, sai na tuna marigayi Malam.

Tsohon malamin firamare ne a Dutsin-Ma. Duk hutu yakan tara yara a zaurensa mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ba su laka su gina abin da suka ga dama. Shekarar da muka gudo daga Barkiya na kai masa ɗiyata, wadda ta daina magana tun ranar da 'yan bindiga suka kore shanunmu.

Sauran yara suka gina shanu masu tozo. Ita kuwa ta jera babura, kowanne da goyon mutum biyu. Na ɗaga ƙafa zan tattake su, Malam ya tare ni da sandarsa.

"Bar ta, baiwar Allah. Hannu ke fara magana, baki ya biyo baya."

Ya durƙusa ya tambaye ta, "Ke kina ina?"

Ta nuna wani ɗan rumbu da ta gina a gefe, ta ce, "Ciki."

Har yanzu ban iya leƙa abin da ɗana ke ginawa ba. Allah ya jiƙan Malam, ya kuma sa saniya yaron ke ginawa.