Man Gyaɗar da Na Sayar da Sunan Allah

Kafin in lalace, ni ɗan ƙungiyar mawaƙa ne a wata ƙaramar coci a Tarauni. Mahaifina kafinta ne, ya so in gaje shi, amma ni da zarto ba ma ga maciji. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. In na yi addu'a, har tsofaffin ƙungiyar zumuntar mata ta cocin sai sun share hawaye.

Bakin nan ne ya kai ni ya baro. Na lura duk gidan da muka je gaida marar lafiya, wanda ya yi addu'a shi ake tura wa cinyar kaza. Sai na fara tsawaita addu'a. Daga baya na fara zuwa ni kaɗai. Da sojoji suka ce za su koma bariki, gari ya cika da 'yan takara, kowa na neman mai roƙa masa Allah, sai na yanki farar roba na yi kwalar fasto, na naɗa kaina. Nakan sayi man gyaɗa a Gyadi-Gyadi, in ɗura a ƙananan kwalabe, in ce man tsarki ne daga Urushalima. 'Yan takarar kansila biyu na mazaɓa ɗaya na shafa wa, duka suka faɗi. Amma manyan masu sayena su ne masu jinya a bakin asibiti.

Da na ga Kiristocin unguwar ba su ishe ni ba, sai na sayi rawani na zama malam a unguwar Darmanawa. Man dai ɗaya ne, sai dai a can daga Gabas yake zuwa.

Asirina ya tonu a wani gidan suna a Unguwar Gano. Ina zaune a tabarma ina jan carbi, sai ga Mama Rifkatu 'yar cocinmu, maƙwabciyar masu gidan, ta zo wucewa da tukunya a ka. Ta tsaya ta ce, "Fasto, yaushe ka musulunta ba mu ji ba?"

Na ce, "Baiwar Allah, kama ce."

Na sa hannu aljihu in ɗauko hankici in share gumi, sai kwalar ta biyo shi. Ban taɓa ganin haɗin kan Musulmi da Kirista irin na ranar ba, kowa ya sami rabonsa a jikina. Daga nan aka kai ni kotu, alƙali ya ba ni shekara biyu.

A gidan yari na riƙa ƙorafi, wai Allah ya manta da ni. Akwai wani dattijo mai bishara, Baba Iliya, da ke zuwa wa'azi duk Lahadi. Ina ganinsa na ɓuya bayan wani ƙato, don na taɓa sayar masa da kwalba saboda matarsa mai ciwon daji. Ya leƙo ya ce, "Fito, ɗana, kunnuwanka sun tona ka."

Na fito na durƙusa. Na ce, "Baba, yaya jikin Mama?"

Ya ce, "Ta tafi gida wurin Ubangijinta. Amma man naka ya yi amfani. Tana shinshinawa ta ce na gyaɗa ne, mai kyau kuma, aka toya mana ƙosai da shi."

Fursunoni suka bushe da dariya. Ni kuwa na ce, "To, me ya sa ba ku kai ni ƙara ba?"

Ya ce, "Ita ta hana. Ta ce wanda yake zaton Allah mai tsarki zai shiga kwalba a sayar da shi, ya fi ta rashin lafiya, a yi masa addu'a. Wata takwas tana kwance. Mun roƙa a ɗauke ciwon, ba a ɗauke ba. Amma ko rana ɗaya ba a bar ta ita kaɗai a cikinsa ba. Wannan shi ne alheri, ɗana. Almasihu da kansa ya sha wuya a kan gicciye, ya san hanyar. Kai wahalarka kai ka ɗinka ta da hannunka, duk da haka ba a rufe maka ƙofa ba."

Ya miƙo mini kwanon tuwon da ya zo da shi. Karon farko ke nan da aka ba ni abinci ban yi wa kowa addu'a ba, kuma na kasa ci don kuka.

Da aka sake ni, na tsaya gaban ikilisiya na tuba, na bi gidajen Darmanawa na nemi gafara. Wasu sun yafe, wani ya sakar mini kare. Yanzu ina shagon mahaifina, ni da zarto mun shirya, ko da yake kujeruna har yau sai an sa musu dutse a ƙafa ɗaya.

Ku matasa, ku ji daga bakin wanda ya gani. Allah mai tsarki ne, kada ku mai da sunansa jari. In wahala ta zo muku, kada ku nemi mai sayar muku da hanyar gudu, ku nemi alherin da zai riƙe ku a cikinta. Kuma duk ranar da kuka ji addu'arku tana ƙara tsawo saboda ƙamshin miya, ku ce amin ku tashi.