Shafi'u Mai Cigiya da Injinsa

A Buza, in ka tambayi shagon Shafi'u za a ce maka wane Shafi'u, amma in ka ce mai cigiya, ko mai tallan goro zai nuna maka. Ƙaramin shago ne a bayan kasuwar dabbobi, inda yake gyaran salula. A kusurwa, kan tebur da ya shimfiɗa wa tsohon zane, akwai ordinatar, wato kwamfuta, wanda ya yi karatu da shi a Tawa. Gilashinsa ya tsage, madannai biyu sun fita, amma duk aikin da ya sa aka san Shafi'u a cikinsa yake kwana.

Ɗan makiyaya ne na wajen Deule. Ya tashi yana ganin mahaifinsa na bin kasuwanni a ƙasa in saniya ta ɓace, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya launinta da tsagar kunnenta. Da ya koyi rubuta manhaja, wannan wahalar ya fara tunawa. Wanda dabbarsa ta ɓace sai ya aiko hoto, ko ya faɗi shaidarta da murya, da Hausa ko da Fulatanci. Wanda ya tsinci baƙuwar dabba cikin garkensa shi ma ya aiko. Manhajar ta haɗa su. Tun ana yi masa dariya har aka koma kiransa daga Bangi da Keita.

Sai dai abin ya ɗaure shi. In ordinatar ɗin ya mutu, cigiya ta tsaya ke nan. Da sassafe yakan hau rufi ya goge fanon sola. In hadari ya rufe rana, ya kashe fanka da fitila, ya zauna cikin zufa don batir ya ishi injin. Bukukuwan abokai da yawa sun wuce shi, har mutane suka daina gayyatarsa.

Matarsa Nasiba ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta a Azarori, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Labarin haihuwar ya iso shi da kaka, lokacin da ake sakin dabbobi cikin gonaki, garke na shiga garke, cigiya ba ta yankewa. Gwaggon Nasiba ce ta kira.

“An sauka lahiya, mace anka samu. Muna nan muna jiran ka ran suna.”

Ya ce in sha Allahu, ya ajiye salula, ya dubi teburin kusurwa. Ba wanda zai iya bar wa injin, kuma ba fuskar da zai kalli surukansa da ita in bai je ba.

Ya kira Habsa, taubashiyarsa, wadda suka yi jami'a tare, yanzu tana aikin manhaja a Yamai.

“Kai, bawana! Yau ka tuna da uwargijiyarka?”

“Habsa, bar wasa. Nasiba ta sauka.”

Ta rangaɗa guɗa a cikin biro, wato ofishinsu, har ya ji wani yana tambaya lafiya.

“To mi kaka yi Buza har yanzu?”

“Injin...”

“Wanga tsohon kwano? Tun bara nike ce maka ka kai aikin ga kulawud, ka ƙiya.”

Ya san kulawud, amma a kan allo ya san shi: manyan injuna ne a wasu ƙasashe, mutum ya yi hayar ɗan wuri a ciki, aikinsa ya riƙa tafiya ko yana barci. Ba rashin sani ya hana shi ba. Muryoyin mutane ne a hannunsa, tsofaffi masu faɗin sunan saniyarsu kamar na ɗiya, ga shi ana cewa ya miƙa su ga injin da bai taɓa gani ba.

Habsa ta bi da shi sannu a hankali, ta salula. Suka buɗe kont, wato asusun hayar. Ta hana shi taɓa manyan injuna, ta ce ya ɗauki mafi ƙanƙanta, in aiki ya girma a ƙara. Suka zaɓi yankin da ya fi kusa. Ta sa ya ajiye makullin shiga a wuri biyu, ya kuma ɗaura ƙararrawar da za ta gargaɗe shi in haya ta fara wuce ƙarfinsa. Hotuna da muryoyi kuwa da safe bayan sallah yake tura su, kafin rezo, wato layin intanet, ya yi nauyi. Ranar da suka juya hanyar saƙonni zuwa sabon injin, ya aika wa kansa cigiyar akuyar da ba shi da ita, ta je ta dawo. Ya daɗe yana murmushi shi kaɗai.

Da magariba ta yi ya rufe shago yadda ya saba. Ya kashe fanka, ya cire caja, ya shiga kont ɗin ya kashe sabon injin, ya tafi masallaci.

Washegari ya tarar da Attahiru, wani tsohon makiyayi, tsugune a ƙofar shago da salula a hannu.

“Ɗana, abin naka ya yi kurum. Tun jiya nike hwaɗa mishi raƙumata ta ɓace, bai amsa ba.”

Shafi'u ya buɗe shago. Ya ba tsohon kujera, ya kira Habsa. Ta duba daga can.

“An kashe shi. Wa ya kashe shi?”

“Ni na kashe.”

“Don mi?”

“Kayan mutane ne, Habsa. Kunya nika ji in bar shi shina cin batirinsu har sahe.”

Ta yi dariya har da tari. “Wayyo cikina! Bawan Allah, su ma hwanka suka kashewa in hadari ya taso?” Sai ta sassauta murya. “Ɗan'uwa, ba aro sunka ba ka ba. Zama kunne shi ne aikinai. Tada shi, ka ɗauke hannunka.”

Ya tada shi. Cigiyar Attahiru ta shiga. Tsohon ya saurari muryarsa tana fitowa daga salula, ya gyaɗa kai.

“Baba, ka yi haƙuri, laihina ne.”

“Ba komi, ɗana. Allah shi raya abin da anka samu. Ka tahi, kar surukai su ce ba ka da kunya.”

Ana gobe suna ya tsaya gaban tsohon ordinatar ɗin ya danna madanni. Ƙarar da kunnensa ya saba da ita ta ɗauke, shagon ya yi tsit. Ya lulluɓe shi, ya kulle ƙofa, ya hau moto, babur ɗinsa.

Ran suna a Azarori ya zauna can gefen tabarma, kansa ƙasa, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Aka sa wa yarinya Zuhura. Sai da rana ta yi sanyi, baƙi suka ragu, gwaggo ta yafuto shi ta bayan danga, ta tura shi ɗakin mai jego, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wani wuri.

Nasiba ta dube shi, ta dubi ƙurar hanya a rigarsa.

“Malam, wa ka bar ma injin?”

“Ba kowa.”

“Yau za ka koma?”

“A'a.”

Ta sunkuyar da kai don kar ya ga fuskarta, ta miƙo masa jaririyar cikin zane. Ya karɓa da hannu biyu, a tsorace. Salula ta yi motsi a aljihunsa, ta sake yi. Ya gyara wa yarinyar kai a gwiwar hannunsa, ya zauna bakin gado.