Wayar da Foman Ya Ɗaura

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, wani alhaji ya kafa injin casar shinkafa a kan hanyar Garaku, ya sayo ƙaton janareto, ni aka ɗauka in kula da shi. Foman ɗinmu kuwa ƙanen matar Alhaji ne. Iliminsa na lantarki bai wuce sauya ƙwan fitila ba, amma baki kamar rediyo.

Sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin irin wannan janareto takan tara wata 'yar ɓarauniyar wuta. In ta sami hanya ta cikin boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar ke juyawa a cikinsa, sai ta yi ta tsattsage shi har ya mutu. Shi ya sa ake shimfiɗa faifan faiba, wanda wuta ba ta ratsawa, a ƙarƙashin mazaunin boris na baya, kada ya taɓa ƙarfen ƙasa ko kaɗan. Ta gaba kuma akwai ɗan gawayi da ke gogar sandar yana zubar da wutar ƙasa. Iyakar sirrin ke nan.

Wata safiya na tarar foman ya ɗaura jar waya daga mazaunin nan na baya zuwa ƙasa.

"Kowane ƙarfe a nan yana da wayar ƙasa, ban da wannan," in ji shi a gaban leburori. "Ka manta, na rufa maka asiri."

Na ce, "Yallaɓai, da gangan aka bar shi haka. Wayar nan za ta kashe boris."

"To, Bature," in ji shi da gatse. "A bar ta a inda take."

Ba a daɗe ba boris ya fara kuka. Da na buɗe, cikinsa ya yi layi-layi kamar bayan kwanon rufi. Foman ya je ya gaya wa Alhaji wai na sayar da na asali a kasuwa na saka gwanjo. Ko tambayata ba a yi ba aka sallame ni. Kafin la'asar maganar ta riga ni isa unguwarmu, Tudun Ƙofa. Ni da ake ba wa ajiyar makullin masallaci, sai ga shi an karɓe wai za a yi masa gyara. Mahaifina ya daina zama a ƙofar gida. Wallahi na tsani mutumin nan, kuma ban nemi tsari daga tsanar ba.

Suka sa sabon boris, ya mutu. Suka sa wani, ya bi sahu. Ina gida ina jin labari, ina sane da cewa aikin minti ɗaya ne da filaya, na ja bakina na yi shiru. Sai da shinkafar mutane ta fara tsiro a buhu Alhaji ya zo da kansa, yana ta "haba ɗana".

Na ce zan zo, amma a tara mini duk wanda ya ji an kira ni ɓarawo.

Aka tara leburori. Na miƙa wa foman filaya na nuna masa wayarsa. Ya yanke. Na ce saura maganar. Ya yi ƙasa da murya ya ce ban saci komai ba.

"Ban ji ba, Yallaɓai. Ka san injin ya lalata mini kunne."

Sau uku ya faɗa. Boris ɗin da na saka ranar ya fi shekara goma yana aiki. Sai dai su leburori ne suka ji, mutanen unguwa ba su ji ba, mahaifina kuma ya rasu ana yi masa kallon uban ɓarawo.

Da foman ya mutu na je jana'iza, na tsaya a sahun gaba. Liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Na motsa leɓena don kada a gane, amma ban faɗa ba.