Lambun Baba a Bakin Gota

Mahaifina ya zo Akra daga Nijar tun kafin a haife ni. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu ɗan fili a gefen babbar gota, can gaba da Maamobi, inda wasu 'yan garinsu ke noman lambu. Gota ita ce abin da mutanen Arewa ke kira kwata, sai dai tamu babba ce, kamar rafin da aka yi wa bango da siminti. Da damina ruwanta ja ne mai gudu. Da rani kuwa sai ya ja baya, ya yi baƙi, ledoji su kwanta a kansa. Da wannan ruwa duk masu lambun ke ban ruwa, don babu wani.

Baba yana shuka latas da kabeji da albasa mai ganye da alayyafo da ayoyo. Ba ya fesa magani. Ya taɓa fesawa sau ɗaya, iska ta juyo masa da shi, ya kwanta mako guda yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, daga nan ya rantse ba zai ƙara ba. Sai ya koma daka ganyen dogonyaro da barkono, ya jiƙa, ya yayyafa, ya bi da toka. Takinsa kashin kaji ne. Kabejin maƙwabtansa sumul yake fitowa, nasa kuwa da ramukan tsutsa.

Ni abin da na sani na lambun a yarintata shi ne wari. Idan Baba ya dawo gidanmu na unguwar Nima, mahaifiyata, Mma, kan sa ya tuɓe takalman robarsa tun daga bakin lungu, amma warin kashin kaji yana biyo shi har kan tabarma. A makaranta 'yar mai kashin kaji ake ce mini. Ina jin kunyar wannan, ina kuma jin kunyar Mma, wadda ke zuwa kasuwa da tsohon kwandonta tana ƙin karɓar leda, tana tara ɓawon doya wa awakin maƙwabta, tana wanke gwangwanin tumatir ta zuba gishiri a ciki. A ganina duk alamun talauci ne.

Mai sayen kayan Baba wata mata ce Ba'asantiya da ke da rumfa a kasuwar Malam Atta. Maame muke ce mata, kamar yadda ake kiran manyan mata a yarensu. Tun ina goye take zuwa lambun da babban farantinta. Kullum sai ta ɗaga kabeji ta leƙa ramukan ta yi mita da Hausarta ta Zango: "Baba, kai da tsutsa ne yana raba gonan nan?" Ta gama mitar ta kwashe kayan. Lokacin da Baba ya yi jinyar tarin nan, ita ta riƙa aiko mana da kifi.

Bayan na gama sakandare na samu aiki a wani shagon buga takardu a Kanda. Wata rana wata mata ta shigo, 'yar gayu, da ƙaramar jakar yadi a kafaɗa, ta ce a buga mata takardun talla. Hotunan ganyaye ne, an rubuta oganik da manyan baƙaƙe. Na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce abincin da aka noma ba tare da magani ko takin zamani ba, ta ce tana da shago a unguwar masu hali, kuma babban abin da ke wahalar da ita shi ne samun manomin da za ta amince da shi. Na ji bakina ya ce, "Babana ba ya fesa magani."

Ranar Asabar na kai ta lambun. Madam, haka muka riƙa kiranta, ba ta jin Hausa, Baba kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka ni ce tafinta. Ta zaga kwamin shukar, ta shinshina ruwan dogonyaro, ta ga ramukan kabeji ta yi ta murna tana ɗaukar su hoto. Baba ya dube ni ya ce, "Lafiyarta ƙalau kuwa?" Na ce ya yi shiru.

Da ta faɗi abin da take so, wato ya riƙa ba ta duk abin da ya noma ita kaɗai, Baba ya cire hularsa ya shafa kai. Ya ce, "Ki gaya mata gaskiya tun yanzu. Magani dai babu. Amma ruwan da nake zubawa na gota ne. Da rani ba shi da kyau. Ki gaya mata haka."

Na juya ga Madam na ce mata da Turanci ruwan rafin nan yake amfani da shi. Rafi na ce. Lokacin ƙarshen damina ne, ruwan yana gudu, daga inda muke tsaye ba a ganin bangon simintin saboda ciyawa. Ta gyaɗa kai. Baba ya ƙara da cewa in za ta taimaka a ja masa famfo ko a kawo tanki, da ya fi. Wannan na fassara daidai. Ta ce tabbas, nan gaba za a duba.

Saura Maame. Baba ya ce bai san da wane baki zai gaya mata ba, don haka ni na tare ta ranar da ta zo da farantinta. Na yi mata bayani da Turanci, duk da na san ta fi jin Hausa, don ta san abin ya wuce na kasuwa. Ba ta ko kalle ni ba. Ta wuce wurin Baba, yana duƙe yana cire ciyawa, ta ce, "Baba, ni ne ya fara saye wurinka. Yanzu ka ga mota." Bai ɗago ba. Ta ɗora farantinta wofi a ka ta haye zuwa lambun maƙwabcinmu.

Watannin da suka biyo baya sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Direban Madam yana zuwa sau uku a mako. Mma ta canja kwanon rufin da ke yoyo. Madam ta sa Baba ya sa malfa, ya riƙe kan latas, aka ɗauke shi hoto, aka manna a jikin motar da ƙofar shagon. Na je shagon sau ɗaya. Sanyi kamar ɗakin likita, kayan Baba a jere cikin jakunkunan takarda, mata suna ɗaga kabejin suna nuna wa juna ramukan. Kan latas ɗaya a can ya kai kuɗin cefanenmu na yini. Da na ba Mma labari sai ta ce, "Ashe tsutsa ma tana da kasuwa." Madam ta ba ni kyautar jakar yadi irin tata, da rubutu a jiki cewa a guji leda, na riƙa yawo da ita a Nima ina jin na fi kowa wayewa. Har na tsaya ina yi wa Mma bayanin illar leda, ita da ba ta taɓa shigo da leda gida da son ranta ba. Ta bar ni na gama, ta ce in miƙo mata ludayi.

Madam da kanta ta zo lambun sau da yawa bayan ruwa ya ja baya. Na gan ta da idona tana toshe hanci da gefen mayafinta. Baba ya sake tuna mata maganar tanki, ta ce ana kan shiri.

Tsakiyar rani ta shirya wa abokan cinikinta ziyara, su zo su ga inda abincinsu ke fitowa. Motoci huɗu suka zo da hantsi, mata da maza da 'ya'yansu, kowa da gorar ruwansa ta ƙarfe. An share gaban lambun, an ajiye benci. Komai yana tafiya daidai har zafi ya fara taɓa latas ɗin. Baba bai iya kallon shukarsa tana laushi ba. Ya ɗauki garwoyinsa biyu ya gangara gota kamar kullum. Wata mata mai tabarau ta bi bayansa da wayarta don ta ɗauki hoto. Muka ji ta ƙwalla kira.

Duka suka taru a bakin gangaren. Ga ruwan nan baƙi ƙirin, ledojin ruwa da robobin abinci sun toshe shi, ga Baba tsaye a ciki har ƙauri. Matar ta tambayi Madam ko wannan ne abin da take ba 'ya'yanta. Madam ta juyo ta nuna ni. Ta ce an yaudare ta, ta ce rafi aka ce mata, ta ce ita ma yau ta fara gani.

Baba ya hauro da garwoyin cike, ya tsaya yana kallon fuskoki. Ya ce mini, "Me ya faru? Me suke cewa?" Na ce, "Ba komai, Baba." Iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu daga kusa da shi. Kafin azahar babu mota ko ɗaya.

Washegari saƙo ya shigo wayata, gajere: ta dakatar da hulɗa da mu saboda lafiyar abokan cinikinta. Na kira ba ta ɗauka ba. Na je shagon, mai gadi ya ce ba ta nan, alhali ga motarta. Ba na cewa ruwan mai kyau ne. Matar mai tabarau tana da gaskiya da ta tsorata. Amma su waɗancan robobin abincin da ke cikin gotar, ba duka daga Nima suka gangaro ba, kuma babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa tsoho ke shiga cikinsu da ƙafarsa kullum.

Lambun kuwa cike yake da latas da ya isa cira, don Baba ya ninka shuka saboda ita. Latas ba ya jira. In ya wuce kwanakinsa sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Muka cika babur mai ƙafa uku muka nufi Malam Atta. Maame ta ga Baba daga nesa. Ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, ta tambayi lafiyar Mma. Da ya nuna mata kayan sai ta ce, "Baba, ina da mutum yanzu. In na bar shi yau, ni ma na zama kamar kai." Sauran matan rumfunan sun ji labari, sun san ba mu da inda za mu kai, suka yi tayin da ya fi zagi ciwo. Baba ya ce a juya. Muka raba wa maƙwabta abin da za su iya ci, saura awaki suka samu.

Kwana uku bayan haka na sami Baba da la'asar a bakin lungu yana wanke takalmansa. Na durƙusa na gaya masa abin da na yi, cewa rafi na faɗa wa Madam. Ya ci gaba da cuɗa takalmin. Can ya ce, "Na sani." Na ɗago. Ya ce, "Gota ai kalmarsu ce, mu muka ara. Na kasa kunne in ji ta fito daga bakinki, ban ji ba." Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "Na ga yadda kike tsaye kusa da ni a gaban baƙuwa ba ki matsa ba. Ban taɓa ganin haka ba. Kuma ni ma ina son rufin nan ya daina yoyo." Ya zubar da ruwan wankin ya shiga gida.

Ya ƙara damina ɗaya a lambun yana sayarwa ɗaiɗai ga masu wace, wato shinkafa da wake, da masu tuwo, amma ba a riƙe lambu da irin wannan ciniki. Ya bar wa maƙwabcinsa kwamin, wanda ya feshe su da magani tun makon farko. Madam ta samu wani manomi a bayan gari mai rijiyar burtsatse, shagonta ya ƙara girma. Ni ma na bar shagon buga takardu, don ba na son ta sake shigowa ta same ni.

Wani ɗan garinsu ya samo wa Baba aikin kula da tsakar gida a wani babban gida kusa da filin jirgi. Aikinsa ya shayar da ciyawar ado da ruwan famfo safe da yamma, ya aske ta in ta yi tsawo. Na kai masa abinci wata rana na tarar da shi duƙe yana tuge wani abu daga gefen katanga. Alayyafo ne ya fito da kansa, ya yi ganye shar. Ya ce uwar gidan ta ce yana ɓata mata tsari. Na ce ya ba ni in kai wa Mma ta yi miya. Ya ce a'a, an fesa wa wurin maganin ciyawa shekaranjiya. Ya zuba shi a kwandon shara, ya wanke hannu, ya karɓi kwanon ya zauna a inuwar gareji ya ci.