Mai Makulli da Saba ta Talatin da Bakwai

Kullum kafin mu iso asibiti, Hajiya ta riga ta zura rigar sanyinta ta shiga ɗakin sabobi, manyan kwamfutocin nan da ke riƙe da duk bayananmu. Mai Makulli muke ce mata, ko da yake ba ta rataye da ko ɗaya. Makullanta kalmomin sirri ne, suna ajiye cikin manhajar da ke tsare ƙofar kowace saba. Ka nemi shiga, sai Hajiya ta tambaye ka dalili, ta ba ka awa ɗaya. Oga kansa ya taɓa neman izinin dindindin. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambayi iyali, ta ba shi awa ɗaya.

Bara aka ce a cire tsohuwar manhajar daga sabobi arba'in, a sa sabuwa. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya ce da umarni ɗaya zai share ta ko'ina kafin azahar. Ni ma na goyi bayansa, har da ɗaga murya. Hajiya ta ce ɗaya bayan ɗaya za a yi, kuma ba za a cire tsohuwar ba sai ta shiga ta sabuwar da hannunta. Kwana uku muna gunaguni, tana yi kamar ba da ita ake ba.

A saba ta talatin da bakwai sabuwar ta ƙi buɗewa. Ashe kalmar sirrin sabar babu inda take sai cikin tsohuwar manhajar. Da an share, da ba mai sake shiga, ga sakamakon gwajin marasa lafiya na shekara goma a ciki, aikin sashena kaf. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau tana murmushi.

"Ƙanena, har yanzu saurin kake?"

Watan nan take ritaya. Hajiya, ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba wanda ke sanin an yi shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaji kujerarta, ku gaji haƙurin nan, ku bar mu mu yi ta gunaguninmu.

Jiya wata tsohuwa ta zo neman sakamakonta na shekara tara da suka wuce. Cikin minti biyu na buga mata, ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kunya ta kama ni. Hajiya, albarkar nan taki ce, ga ta na kawo miki.