Gara ta riga Baba shiga akwatinsa

Shekarun baya, bayan mahaifina ya tashi daga jinyar hawan jini da ta taɓa masa hannun hagu, sai ya sa wa ransa cewa tafiya ta zo. Likita ya ce jiki ya yi sauƙi, fasto ya zo gida aka yi addu'ar godiya, amma shi ko a jikinsa. Ya daina zuwa gonar citta, ya daina faɗa da kowa, abin da ya fi tayar mana da hankali ke nan, don mutum ne da ko gishiri ya yi yawa a miya sai unguwa ta ji.

Wata Asabar na zo gida Kafanchan daga Zonkwa, inda nake koyarwa, na buɗe ɗakin ajiya na tarar da akwatin gawa, sabo fil, yana ƙyalli. Mahaifiyata ta ce shi ya sa aka yi masa. Ya sayi wasu tsofaffin kabad da wani ɗan kasuwa ya kawo daga kudu, ya ce katakon dā ya fi ƙarfi, ya ba kafinta ya farfasa ya haɗa. Wai ya ga yadda 'ya'yan wansa suka yi ta yawon neman akwati ranar jana'izar ubansu, ba ya son mu sha irin wannan wahala. Kowace safiya yakan shiga ya goge shi da tsumma, ya fito ya zauna shiru.

Bayan wasu watanni na fara ganin 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin akwatin, tsibi-tsibi, kamar an zubar da acca. Na ce ɓera ne. Na sa tarko, na aro kyanwar maƙwabta, na share, na dawo wani makon na tarar da sabon tsibi. Da yake ni malamin makaranta ne mai son tabbatarwa, har ɗanɗanawa na yi. Sai da mahaifiyata ta ce ai tun ranar da akwatin ya shigo ta kwashe accarta daga ɗakin, sannan na gane ba acca na ɗanɗana ba.

Na kira abokina da muka yi firamare tare, wanda ya gaji sana'ar sayar da katako a wurin mahaifinsa. Ya zo bayan sallar azahar, ya murza ƙwayoyin a tafin hannu, ya ce kashin gara ne. Ban gaya masa na ɗanɗana ba. Na yi musu, na ce garar da na sani ƙasa take ginawa, ga bango kuma tas. Ya ce wannan wata iri ce, ba ruwanta da ƙasa, a cikin busasshen katako take zama, a cikinsa kuma ake kawo ta daga wani gari. Ta cinye ciki ta bar fenti a waje. Ya danna gefen akwatin da babban yatsa, yatsan ya nutse.

Daga nan ya ɗaga kai ya kalli rufi. Ɗakin ajiyar rufinsa ɗaya da ɗakin da 'ya'yan ƙanwata suke kwana. Ya ce idan lokacinta ya yi takan yi fiffike kamar shinge ta tashi ta nemi sabon katako, kuma wa ya sani ko ta riga ta hau. Shawararsa ita ce a ƙona akwatin, a buɗe silin a duba.

Nan fa aka rasa mai gaya wa Baba. Mahaifiyata ta ce zai ɗauka baki muka haɗa, don ya san ta tsani akwatin. Ƙanwata ta ce zai ɗauke shi wata mummunar alama, jininsa ya sake hawa. Ni ne babba, amma sai na laɓe bayan abokina. Shi ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani a hankali.

Mahaifina ya tashi da sandarsa ya shiga ɗakin, muna biye. Ya dafa murfin da hannunsa mai lafiya, ya danna, katakon ya burma, gari ya zubo masa a kan takalmi. Ya daɗe yana kallon ramin. Ni dai ina shirin tare shi idan ya yanke jiki.

"Wato ina nan ina jiran Ubangiji ya kira ni," in ji shi, "wasu sun riga ni shiga, har sun yi iyali."

Mahaifiyata ce ta fara dariya, tana share hawaye da bakin zani. Shi kuwa bai yi ba. Ya juya ga abokina ya ce, "Ɗana, ka ce sun hau rufi na? Ni na kafa rufin nan da hannuna. Ku kawo tsani."

Da ƙyar muka hana shi hawa. Aka fitar da akwatin bayan gida, maƙwabta suka gan mu ɗauke da shi suka rugo suna tambayar yaushe abin ya faru, sai suka ga mamacin tsaye yana ba da umarnin inda za a zuba kananzir. Da wuta ta kama, abokina ya hau ya buɗe silin, yana bin katakon yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Ina ƙasa riƙe da tsani, ina tuna yaran nan da suke barci a ƙarƙashinsa kullum. Can ya leƙo ya ce mu gode wa Allah, katako biyun da ke saman inda akwatin ya zauna kawai ta taɓa, wajen yara lafiya lau.

Aka canza su, aka shafa wa sauran magani, kujeru da gadaje aka fitar da su rana. Mahaifina ne ya tsaya a kan aikin daga farko har ƙarshe. Ya yi faɗa da kafinta a kan ƙusa, ya yi faɗa da ni a kan yadda nake riƙe guduma. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Babanku ya dawo." Da damina ta faɗi, ya sa ƙanwata ta goya shi a babur zuwa gona.

Na yi ta tunanin abin daga baya. Mun yi masa addu'a, mun lallashe shi, mun hana shi ɗaga ko bokiti don tausayi, ashe da haka muke taya shi zaman jiran mutuwa. Da ya ga akwai abin da zai lalace idan bai tsaya ba, sai ya miƙe.

Yana nan har yau, ya tsufa sosai, kunne ya yi nauyi. Ban taɓa tambayarsa ko yana son a yi masa wani akwatin ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Makon jiya ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba, ya ce citta ta isa haƙa, in na ga dama in zo.