Na aika kuɗi da sunan Baba

"Ai Baba ya zo ya amshi kuɗin tun da hantsi," in ji mai shagon aika kuɗi na garin Gazawa, da na kira shi daga Abijan don ya canza sunan mai amsa.

Na zaɓi wurinsa ne don ya san Baba, ba ya tambayarsa katin shaida. Baba kuwa tun damina ya rasu, aka rufe shi a ƙauyenmu. Sabo ya sa na aika da sunansa, lambar amsar kuɗin ma ban ba kowa ba.

Na ce, "Wane Baba?"

Ya ce, "Naka mana. Ya ce ka daina sa sunansa, tafiyar ta yi mishi nisa yanzu."

Har yau na kasa gaya wa mai shagon. In ku ne, za ku gaya mishi?